Sunan Goodness a Jerin Masu Shara

A wata makarantar firamare a Tudun Fulani, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ita ce monita, kuma ba ta wasa da muƙaminta. Ita ke rubuta sunayen masu sharar aji, ta manna a bango.

Ƙawarta Goodness ta daɗe ba ta zo makaranta ba. Ciwon daji ne ya kwantar da ita. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, daga baya suka ce a mai da ita gida. Wata nas, Anti Christiana, ke zuwa ba ta maganin rage zafin ciwo.

Ran Litinin yarinyar ta ɗauki biro ta soke sunan Goodness daga masu sharar Alhamis.

"Ai ba za ta dawo ba," in ji ta.

Ashe Shekwolo, ƙanen Goodness, yana bakin taga. Ya kwashe maganar ya kai gida.

Washegari malamar ajinsu, Malama Barira, ta kira monita. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai gaya mata cewa tun jiya Goodness ta ƙi cin abinci.

Da aka tashi, Malama ta raka yarinyar gidan su Goodness. Goodness ta rame sosai. Ta dube ta, ta ce a hankali, "Tun ina da rai kika cire ni?"

Yarinyar ta fashe da kuka, tana neman gafara.

Anti Christiana ta dafa kafaɗarta. "'Yata, maganina na ciwon jiki ne. Ciwon a manta da mutum kuwa, maganinsa na hannunku."

Da safe yarinyar ta sake rubuta sunan da manyan baƙi. Kowace Alhamis sai ta yi shara a madadin Goodness, da yamma ta je ta ba ta labarin aji.

"Kin share ƙarƙashin bencin baya?" Goodness takan tsokane ta. "Na san halinki!"

Sai su yi ta dariya, har Goodness ta sha kununta.

Bayan mako shida Goodness ta rasu cikin natsuwa, mamanta na riƙe da hannunta. Yarinyar ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma ta gode wa Allah da ta gyara kuskurenta da wuri. Ta koyi cewa ko ciwo ba ya warkewa, ba a daina kula da mai shi.

Sunan Goodness na nan a bango har ƙarshen zango.