Waƙar da Hawari Ya Yi wa Wata

A shagon gyaran waya a birnin Wahran Nasrin ta fara ganin Hawari. Rediyon shagon na rera wata waƙa: "Da ke ce hanyar gidana, yau ko gaisuwa sai da ɗan aike." Nasrin ta taɓe baki, ta ce wa mai shagon wannan mawaƙi ya cika kuka. Saurayin da ke gefenta ya sunkuyar da kai, ya ce ai shi ne mai kukan.

Kunya ta rufe ta, shi kuwa ya yi dariya har da riƙe ciki. Kafin wata uku yana kiranta "Zumata", ita kuma "Mai Kuka".

Sai dai hankalinta bai kwanta ba. Duk garin ya san Warda ya yi wa waƙar, tsohuwar budurwarsa da ta koma birnin Marseille a ƙasar waje shekara biyar da suka wuce. A tasi waƙar, a gidan biki waƙar. Mahaifin Nasrin, Alhaji Bilkasim, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ke kukan wata mace a bainar jama'a ba.

Ana haka Warda ta zo hutu. Wata ƙawar Nasrin ta gan ta tare da Hawari a gidan gahawa na bakin teku. Nasrin ta yini tana kai da komo a ɗaki, ta rubuta ta goge, daga bisani ta tura masa saƙo:

"Mai waƙar ta dawo. Allah Ya ba ku zaman lafiya."

Amsa ta shigo nan take:

"Zumata, ita ta nemi mu gaisa. Mun yi maganar zafi da tsadar kifi, sai zance ya ƙare, kowa na duban agogo. Yarinyar da na yi wa waƙar babu ita, yaron da ya rera ma babu shi. Ni ke nake so. Gobe zan zo wurin Baba."

Ya zo da kawunsa bayan la'asar. Alhaji ya daɗe yana juya kofin gahawa kafin ya ce, "Waƙar nan, za ka daina ta?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba. Mutane na nemanta, kuma sana'ata ce. Amma zuciyata tana gidan nan."

Nasrin na bayan ƙofa tana saurare.

"Da ka ce za ka daina, da na kore ka," in ji Alhaji. "Maƙaryaci ne ba na so."

Aka shafa fatiha bayan sallar layya. Ranar lalle mata suka rangaɗa guɗa, Alhaji ya ɗora hannu a kan 'yarsa, ya ce Allah Ya haɗa kawunansu, Ya sa su tsufa suna da abin faɗa wa juna. Duka ɗakin aka amsa da amin.