Notin Keken Ɗinki

“Kada ki ɗaure notin nan, don Allah.”

Na ɗago kai daga ɗinki. Ɗan mai gyaran rediyon da ke jikin shagonmu ne durƙushe a gindin kekena, ya kara kunne kamar likita.

Na ce masa keken ciwo gare shi, duk ɗinki takwas sai ya yi ƙwas. Ya ce ai ƙwas ɗin ya biyo. Wai wasan kwamfuta yake haɗawa, kuma shi zai yi masa kiɗa da kansa, ya daɗe yana neman bugun da ke ɗingishi. A hannunsa akwai wani akwatin ɗaukar sauti da ya harhaɗa da kayan matattun rediyoyin babansa.

Shekarunmu goma sha tara a lokacin, ni da shi. Allah ya jiƙansa.

Tun daga ranar kullum da yamma sai ya zo. Ya ajiye akwatinsa, in taka keke, ya lumshe ido yana kaɗa yatsa. Inna ta sa masa suna Mai Kunne. Ni kuwa tambaya ba ta ƙare mini. Yaya ƙarfe zai zama kiɗa? Ya nuna mini a wayarsa: wata 'yar tsana ce ke gudu a kan zare, duk sanda keken ya yi ƙwas sai ta yi tsalle. Na yi dariya har allura ta soke ni.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce ƙato da shi yana wasan yara, wanda zai riƙe gida ba ya yini yana sauraron keke. 'Yar kawuna, wadda muke kira Gimbiya, ta fi Inna iya sara. Ita ma tana sonsa, har ta taɓa kai masa rediyo lafiyayye gyara. Ta same ni ina guga ta ce, “Ke dai kujera ce a wajensa, 'yar uwa. Keken yake zuwa zance.”

Maganar ta zauna mini a ƙirji.

Kwana biyu ina juya ta. Ni ce, ko keken? A rana ta uku na ɗauki filaya na ɗaure notin tam.

Da ya zo na taka. Sumul, babu ƙwas. Ya buɗe ido ya dubi keken, ya dube ni. Ya naɗe wayoyinsa ya fita.

Gimbiya ta yi ta waƙa a bakin ƙofa.

Kwana huɗu babu shi. Na ɗinka hannun riga a baibai har sau biyu, Inna ta ce in ba zan iya ba in tashi.

Rana ta biyar sai ga shi, hannu rabbana.

“Ina akwatin?” na ce.

“Yana gida.”

“To ai keken ya warke...”

“Na ji. Fushi na yi, na huce. Ke kuma kin iya mugunta, tauraruwata.”

Ban taɓa jin ya kira ni haka ba. Na sunkuyar da kai, amma ban bar shi ba. Na ce ya faɗa mini gaskiya, wata uku yana zuwa, me yake ɗauka? Ya yi murmushi ya ce amsar tana ƙarshen wasan, in kai can in ji da kunnena.

Sai da ya gama karatun injiniya Inna ta sauko, bayan ya sa wa kekunanmu injin lantarki ta daina ciwon gwiwa. Muka yi aure. Shekara goma sha ɗaya muka yi tare, ban taɓa wuce mataki na uku a wasan nan ba. In na roƙe shi ya faɗa mini, sai ya ce, “Sake gwadawa, uwargida.”

Bara ciwo ya ɗauke shi cikin sati guda.

Watan jiya ina yankan yadi, 'yarmu ta shigo da gudu da tsohuwar wayarsa, ta ce ta kai ƙarshe. Ta miƙo mini. 'Yar tsanar ta tsaya cak. Kiɗan ya ɗauke, babu keke, babu ƙwas.

Sai muryar wata yarinya, tana rera waƙa ƙasa-ƙasa da zare a bakinta, tana kuskure baiti tana komawa. Can ta ce, “Malam, matsa mana, ka tare mini haske.”

'Yata ta ce, “Mama, wace ce wannan mai tsiwar?”

Na ajiye almakashi na ce ta maido shi baya.