Fiya Ɗaya Kowace Safiya

Ranar da ya fara ganinta faɗa ta yi masa. Ya tsaya a shagon 'ya'yan itacen da take aiki, gilashin walda a goshi, yana latsa fiya da babban yatsa.

"Malam, ba ƙarfe ba ne fa. Duk inda ka latsa baƙi zai yi."

Ya ɗago ya dube ta, sai ya janye hannun. Ya kwashi shida masu tauri, ya roƙi lambarta, wai ko zai nemi shawara.

Bayan mako ya turo saƙo: "Malama, fiyarki ta ƙi nuna. Kwananta bakwai a firji."

"A firji? Ai ka kashe ta. Sayi wata, ka sa a jakar takarda da ayaba ɗaya, ka naɗe bakin. In ka ɓalle ɗan hancin da ke samanta ka ga kore, ta yi."

"To Malamata. Ni yaushe za a duba ni?"

"Kai da saura, Ɗalibi."

Wasa-wasa magana ta yi nisa, har ta kai kunnen Baba, mahaifinta, tsohon direban babbar mota.

"Mai walda? Ido ja, riga duk huji? Kada ya sake taka mini gida."

Shi Baba mai kantin magani ya fi kwanta masa, yaro mai mota da ƙamshin turare.

Ana haka aka cire wa Baba haƙora huɗu, ba abin da ke shiga sai fiya. Ita kuma shago ya tura ta wani reshe a wani gari na mako uku. Mai kanti ya aiko da kwando guda, duk nunannu. Kwana uku suka ruɓe, ƙuda ya cika kicin.

Daga nan kullum da safe sai a tarar da fiya ɗaya a jakar takarda, rataye a ƙofa. Ba ɗanya, ba ruɓaɓɓiya, cokali na shiga kamar man shanu. Baba ya yi ta sa wa mai kanti albarka, shi kuwa gogan bai musa ba.

Ta turo saƙo: "Ɗalibi, Baba ya ce da na dawo za a yi maganata da mai kanti. Kai ko a jikinka?"

"Share hawayenki, Malamata. Ina kan karatu."

Wata rana Baba ya ce wa mai kanti, "Yaro, yaya kake yi suke nuna ɗai-ɗai haka?"

"A rana nake shanya su, Baba."

Baba ya yi shekara talatin yana dakon kayan lambu, ya san rana ɓata fiya take yi.

Washegari ya ja kujera bayan ƙofa. Yana jin motsin takarda ya buɗe, sai ga mai walda ya daskare, jaka a hannu.

"Kai ne? To faɗa mini yadda kake yi."

"Kashi uku nake yi, Baba. Wasu da ayaba, wasu a kan tebur su bi a hankali. Wadda ta riga lokacinta nuna in sa ta a firji ta jira. 'Yarku ce ta koya mini."

"Me ya hana ka ƙwanƙwasa?"

"Kun ce kada in taka gidan. Shi ya sa nake tsayawa a waje."

Baba ya daɗe yana kallon hannuwan nan masu tabon wuta, sannan ya matsa gefe.

"Shigo, ɗana."

Wata biyu da dawowarta aka ɗaura aure. Da za su tafi, Baba ya dafa kansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari." Ya share ido, ya harari angon. "'Yata na ba ka, ban ba ka hutu ba. Fiyar gobe kada ta makara."