Duwatsun Kan Kwano

Ana gab da kiran magariba, Inna tana tsakar gida tana kwashe kifin da ta shanya, sai gabas ta yi baƙi. Kaji suka yi tsit. Iskar tabki, wadda ta wuni tana kaɗa igiyar shanya, ta tsaya cak. Can sai wani dutse ya faɗo daga kan rufi, ya fasa randar ruwa gida biyu.

Ta ɗaga kai. Babu kowa a sama.

Duwatsun na mijinta ne, masunci, wanda ake kira Mai Koma. Shekarun nan damina ta sake hali a bakin tabkin. Da, hadari yakan haɗo a hankali, ya ba mace lokacin kwashe shanyarta. Yanzu rani ne zai yi ta ja, har ruwa ya janye ya bar laka tana tsagewa, sannan rana ɗaya iska ta zo kamar mai neman fansa, ta yaye rufin mutane. Kowa ya danne kwanonsa da abin da ya samu, wani tsohuwar taya, wani kututture. Shi kuwa Mai Koma baƙaƙen duwatsu masu santsi ya jido a baro daga inda ruwa ya janye, ya jera su a kan ɗakinsu, har yana yi wa maƙwabta dariya.

Tun daga wannan yammacin, duk sa'ad da hadari ya haɗo, sai duwatsu su riƙa saukowa ɗaya bayan ɗaya. Ba gangarowa suke yi ba, jefo su ake yi. Da safe Mai Koma ya kafa tsani ya mayar, yana zagin yaran unguwa.

"Wane ɗa ne zai hau kwano ana walƙiya?" in ji Inna. "Ka nemo mai sani."

"Ke komai aljanu. Bana dai rufina ba inda za shi."

Sai abin ya bar randa ya koma kan 'yarsu, Auta, budurwa mai yawan dariya. Ta daina ci. Ta daina dariya. Da an yi tsawa sai ta miƙe ta nufi tabki, idonta a buɗe amma ba ta ganin kowa, sai an taru an riƙe ta. Wuyanta ya zama kamar na tsuntsu. Ranar da Inna ta tsamo ta daga ruwa iya ƙirji, ba ta nemi izinin kowa ba. Ta yafa mayafi, ta je ta zo da Malam, wani tsoho mai sanyin murya da ke karantarwa a bayan kasuwa.

Sun iso hadari ya riga ya rufe rabin sama. Malam ya zauna a bakin tabarmar da Auta ke kwance, ya fara karatu a hankali. Ɗakin ya yi sanyi, ya ɗauki warin laka. Yarinyar ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa kamar tsohuwa, kuma muryar tsohuwa ce ta fito daga bakinta.

"Ya isa haka, kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Musulma ce?"

"Ina salla tun kakanka bai iya tsarki ba."

"To mai salla ba ta zalunci. Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Tambayi ɓarawon da ke raɓe a bakin ƙofa."

Mai Koma ya ce, "Ni ban taɓa satar ko allura ba."

"Ƙarya kake!" in ji tsohuwar. "A ƙarƙashin ruwan nan aka haife ni. Kun sare itatuwan bakinsa, kun ja shi zuwa gonakinku, sama ma ta juya muku baya, ya ƙafe ya bar mu a rana. Zafi ya kashe mini ɗan auta. Na binne shi a laka, na jera masa duwatsu don kada karnuka su tone. Sai ga wannan da baronsa, yana fito."

Inna ta juya ta dubi mijinta. "A jere ka same su?"

"Na ɗauka wasan yara ne."

"A jere, tsawon jariri, ka sa hannu ka kwashe? Sati nawa 'yata tana ƙonewa, kana hawa tsani kana mayarwa!"

Sai ta juyo kan tabarma, tsoro ya fita daga ranta gaba ɗaya. "Ke kuma, baiwar Allah, naki ya mutu sai ki kashe nawa? Ga mai laifi nan da ƙafafunsa, ba ki kama shi ba, sai marar ƙarfi?"

"So nake ya ji abin da na ji. Ya ɗauki nawa, na ɗauki nasa. Ku riƙe duwatsun, ku bar mini ita."

"Ba a yin wannan ciniki a gabana," in ji Malam. "Haƙƙinki duwatsu ne, za a mayar. Rai na Allah ne. Ki karɓa ki fita, ko in ci gaba daga inda na tsaya."

Tsawa ta yi gunji a kan tabki.

"To, a mayar yanzu," in ji tsohuwar. "Ruwan yau zai rufe wurin, ba za a sake ganinsa ba."

"Malam, a bari sai da safe mana," in ji Mai Koma. "Ka ji iskar nan. In aka sauke su, rufin nan..."

Bai ƙarasa ba, Inna ta riga ta kafa tsani. Ta hau da kanta, zane ɗaure a ƙugu, walƙiya na haska ta, tana turo duwatsu ƙasa tana kiran sunan Allah. "Ka loda!" take ce masa. "Yadda ka kawo su haka za ka mayar!" Ya loda. Ya tura baro cikin laka, ita tana biye da shi, duwatsu biyu a ka, har inda ya nuna da yatsa ba tare da ya ɗago ido ba. Suka jera su yayin da ruwan tabki ke lasar duga-dugansu.

Suna shigowa gida iskar ta iso. Kwanon ya ɗaga, ƙusoshi suka yi ƙara, ya tashi ɗungurungum ya bi duhu. Ruwa ya zubo a kan gado, a kan buhun hatsi, a kan Malam da bai daina karatu ba.

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta zube. Da ta buɗe ido, nata ne, ba na tsohuwar ba.

"Inna, ana ruwa a ɗaki," ta ce. "Yunwa nake ji."

Mai Koma ya tsaya yana kallon sama. "Shi ke nan, rufi ya tafi."

"Ka sake cewa rufi in ji," in ji Inna.

Ta rungume 'yarta, ta lulluɓe ta da jiƙaƙƙen mayafi. Ta juya fuskarta wajen tabki, ta buɗe baki za ta tsine wa tsohuwar. Ta daɗe a haka, ruwa na dukan ta. Abin da ya fito daga ƙarshe shi ne, "Allah ya ba ki haƙuri."