Tambayoyi Arba'in na Amarya

Wata takwas da biki, har yanzu Amarya kowa ke kiranta a gidan. Ɗaliba ce a makarantar ungozoma, kuma tana cikin mutum huɗu da aka zaɓa domin horo na musamman kan bincike. Aikin da aka ba ta shi ne ta zauna da mata arba'in, ta ji yadda suka yi goyon ciki da abin da ya sami jariransu a makon farko.

Tana jera takardun tambayoyin a falo Umma, surukarta, ta shigo.

"Ke da ko ɓari ba ki taɓa yi ba, ke ce za ki bi gidaje kina tambayar mata haihuwa? Ina kunya?" Ta juya ga ɗanta, mijin Amarya, tela, wanda ya leƙo daga shago da awo a wuya. "Ko ta bari, ko in koma gidan yayarka."

Amarya ta shige ɗaki tana hawaye. Ya biyo ta.

"Ba zan ce ki bari ba, ba kuma zan ɗaga wa Umma murya ba. Ki ba ni lokaci, kin ji?"

Ta daure. Kullum sai ta durƙusa ta gaida Umma, ko da amsar "uhm" ce kawai. A waje ma ba sauƙi — kwana goma, fom biyu ta cika. Matan sai su dube ta su ce suna da aiki. Malamarta ta ce in wata ya ƙare a haka, za a ba wata gurbinta.

Ranar Asabar da hantsi mijin ya yafa ɗankwali ya zauna kan kujera a tsakar gida. "Gwada a kaina, Dakta."

"Haihuwarki nawa?"

"Bakwai," ya maƙe murya, "dukansu da keken ɗinki suka fito."

Dariya ta kuɓuce wa Umma daga bakin ƙofa. Ta yi saurin haɗe rai.

"Shi ya sa suke korarki. Haka ake tambayar mace, kamar 'yar sanda? Tashi, sakarai." Ta karɓe kujerar daga ɗanta. "Fara gaishe ni. Tambayi yara. Sannan ki shigo a hankali."

Amarya ta yi yadda aka ce. Ta bayyana mata cewa ba za a rubuta sunanta ba, kuma tana iya tsayawa duk inda ta so. Suka yi nisa, har ta kai ga tambayar ko akwai jaririn da ya rasu a makon farko.

Umma ta amsa:

"Biyu, kafin wannan mai surutun. Shekara talatin ba wanda ya taɓa tambayata abin da ya faru." Ta share ido. "Rubuta, 'yata. Duka zan faɗa miki."

Washegari Umma ce ta riga ta saka mayafi. Gida-gida take sallama tana cewa, "Surukata ce, mai bincike, ku buɗe mata baki." Kafin wata ya ƙare arba'in sun cika, har da ƙarin shida.

Ranar da Amarya ta gabatar da bincikenta a babban ɗakin taro, Umma na layin gaba tana gyara wa ɗanta hula.

Da Amarya ta mayar da magana, da ta rasa uwa. Da shi ya zaɓi ɓangare, da ya rasa ɗaya cikinsu. Haƙuri da ladabi ne suka bar musu duka.