Baƙon Da Aka Cire Wa Wa'adi

Gab da magariba Injiniya ya isa tsohon ofishinsu domin ya kashe na'urar ƙarshe. 'Yarsa ce ta matsa masa. Ta ce an sayar da ginin, kuma bai dace dattijo mai furfura ya ƙare rayuwarsa yana jinyar akwatin ƙarfe ba.

Wajibi ne mai karatu ya san abin da ke cikin akwatin. A zamanin ƙuruciyarsu, Injiniya da abokansa suka rubuta wata taskar manhaja ta hada-hadar intanet, suka sake ta kyauta kamar rijiyar bakin hanya, kowa ya zo ya ɗiba. Hikimarta ita ce ba ta tsayawa a kan baƙo ɗaya. Takan karɓi buƙatun dubbai a lokaci guda, ta ce wa kowa ya jira, amsarsa ta iske shi idan ta nuna. Sai dai da ƙa'ida: kowane jira da wa'adinsa, idan ya cika a katse layin.

Abokan suka watse, wasu aiki ya ɗauke su, wasu ƙasa ta rufe musu ido. Masu shiga na'urar da suka bari a ofis don gwajin taskar suka yi ta raguwa har saura ɗaya, wanda ba ya tambaya, ba ya tafiya. Injiniya, da ya fi kowa sanin ƙa'idar, ya cire wa wannan baƙo wa'adi da hannunsa, don kada a wayi gari babu kowa. Kowace yamma yakan zo ya tarar da layin a buɗe, ransa ya yi sanyi.

Maigadi ya buɗe masa ƙofa yana tsokanarsa, wai yau Yallaɓai zai saki uwargida, sannan ya tafi alwala.

Ɗakin na warin ƙura da ɗumin roba. Fankar na'urar na gurnani. Kujerun abokansa na jere jikin bango. Ya zauna, ya ga rashin ladabi ne a kori baƙo babu sallama, sai ya rubuta masa cewa yau za a rufe, an gode da zama.

A karo na farko, amsa ta fito a allo.

"Kai ka ce in jira."

Ya sunkuya bayan na'urar don ya zare wayar intanet. Ya tarar ɓeraye sun daɗe da cinye ta. Bakinta har ya yi tsatsa, yanar gizo ta lulluɓe shi.

Fanka ta tsaya.

Wani wari ya taso, irin na jiƙaƙƙiyar toka. A bayansa aka jawo kujera, a hankali, ƙafafunta na kartar siminti. Aka zauna.

Ya fizge wayar wuta. Allon bai mutu ba.

Numfashi mai sanyi ya taɓa ƙeyarsa.

"Ina amsata?"

Nan ya gane cewa wanda aka ce ya jira, kashe wuta ba ya sallamarsa. Ya mayar da wa'adin inda ya cire shi. Saura danna maɓalli ɗaya.

Muryar ta yi laushi, kamar ta tsohon aboki.

"In na tafi, wa zai zauna da kai?"

Yatsansa ya tsaya a sama. Ya daɗe a haka.

Ya danna.

Allon ya yi baƙi. Kujerar ta kife. Bai san yadda ya sauko matakala ba, sai ganinsa ya yi a hannun maigadi, takalmi ƙafa ɗaya.

A gyaran da ya fitar bayan haka, ya ɗaure wa'adin yadda babu mai iya cire shi. Matasan masu amfani da taskar suka yi ta ƙorafi, bai ba su dalili ba.

Yanzu yana gidan 'yarsa. Takan gan shi da magariba ya jawo kujera kusa da tasa, ya tsaya yana kallonta, sannan ya mayar da ita jikin bango.