Fuskar da ke Ƙarƙashi

Da almuru aka fara jifan gidan Zanobi mai zane, a unguwar marina ta birnin Firenze na ƙasar Italiya. Matarsa Tancia tana ware masa gwaiduwar ƙwan da yake kwaɓa launi da ita, sai dutse ya faɗo cikin kwanon. Jiƙaƙƙe ne, irin na gindin kogi, ga tagogi duk a rufe.

Haka aka yi ta yi kowace magariba, har 'yarsu Nannina ta daina cin abinci. Sai ta tsaya gaban babban allon da ubanta yake zanawa, ta karkata ƙugu, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta sandare.

Allon nan kuwa shi ne abin taƙamar Tancia. Sarauniyar ruwa ce ke fitowa daga kogi, iska ta hagu, 'yan rawa ta dama, kowa ya karkato gare ta, duk inda ido ya bi sai ya dawo tsakiya. Fuskar tsakiyar ta Tancia ce, kuma babu maƙwabciyar da ba ta jawo ta nuna wa ba.

Aka kira Fada Ilarione, tsohon limamin cocin da ya san kan irin wannan. Ya daɗe gaban allon, ya ce jikin sarauniyar ya juya dama amma fuskar ta ƙi bin sa, kamar an ɗora kan wata a wuyan wata. Ya yayyafa wa yarinyar ruwa mai tsarki, ya tambayi wanda ke cikin jikinta ko wane ne.

Muryar babbar mace ta fito daga bakin Nannina. "Ni na yi wa Zanobi rawa a bakin kogin Arno har ya koyi yadda jiki ke juyawa. Ya rantse tsakiyar allon tawa ce. Ya mayar da ni, in sakar masa 'ya."

Tancia ta jira mijinta ya ƙaryata. Ko kai bai ɗaga ba. Abin ya ci mata rai, amma ta ce, "Zana ta, uban Nannina, ko wata nawa za ka ɗauka."

"Ba sai na zana ba," in ji shi.

Ya jiƙa tsumma ya goga. Fuskar Tancia ta biyo tsumman, ashe sama-sama ya shafa ta. A ƙarƙashi ga wata fuska gamammiya, ta zauna daram a kan wuyan.

Nannina ta zube, ta ce yunwa take ji. Tancia ta rungume ta, ta ɗago don su haɗa ido da uban yarinyar. Allon yake kallo, yana murmushi.